Ƙofa a Buɗe, Fita ta Gagara

Idan aka tambayi mai kallo wane fim ya fi so a cikin ayyukan wani darakta, ma'aunin da zai ɗauko ba ya wuce daɗin labari, ƙwarewar 'yan wasa, da darasin da aka tashi da shi. Da waɗannan ake auna fina-finan Kano da na Indiya a majalisun Tudun Wada da Sabon Gari, kuma ba kasafai suke ba da kunya ba. Amma da zarar an zo kan Luis Buñuel, mutumin Sifaniya da ya shafe shekaru kusan 50 yana shirya fina-finai, daga 1929 zuwa 1977, sai ma'aunan nan su ƙi aiki, domin da gangan yake katse labari a tsakiya, da gangan yake hana 'yan wasansa zuzuta motsin rai, darasi kuwa ko an roƙe shi ba ya bayarwa. Shi ya sa idan musu ya tashi a kansa tsakanin ɗaliban wasan kwaikwayo da na zane-zane a Samaru, da wuya a daidaita, saboda kowa da abin da yake aunawa, kowa kuma yana zaton ɗan'uwansa ne bai fahimta ba. Ni dai na tsayar da nawa, wato El ángel exterminador na 1962, fim ɗin baƙin da suka kasa fita daga falo, kuma zan bi hanyar da ta kai ni gare shi daki-daki.

Salon da ake danganta Buñuel da shi, suriyalizim, ya samo asali ne a birnin Paris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1924 André Breton ya fitar da takardar manufofin wannan tafiya, inda shi da abokansa suka ce hankalin da Turai take taƙama da shi ne ya kai ta mahalaka, don haka sai a buɗe wa mafarki da sha'awar da aka danne ƙofa, kamar yadda suka karanto a wurin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud. An haifi Buñuel a 1900 a garin Calanda, ya yi karatu a hannun limaman Katolika a Zaragoza, sannan a Madrid ya zauna masaukin ɗalibai ɗaya da mai zane Salvador Dalí da mawaƙi Federico García Lorca. Shi da Dalí ne suka rubuta fim ɗinsa na farko, Un chien andalou, wanda bai kai rabin awa ba, bisa sharaɗi guda: duk hoton da ɗayansu ya kawo, idan har ana iya yi masa bayani da hankali, to a jefar da shi. Mahaifiyarsa ce ta ba da kuɗin.

Bahaushe ba baƙon abin al'ajabi ba ne, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara kada a haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Mun taso da tatsuniyar da ƙwarya take magana, da dodon da yake haɗiye gari guda, kuma a nan Zariya ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda aku yake ba da labari har ya zama waziri. Sai dai duk wani al'ajabi a adabinmu yana da mai shi: ko aljani ne, ko tsafi, ko ikon Allah, kuma mai sauraro yana samun natsuwa da zarar an gaya masa wanda ya aikata. Haka mafarki: a wurinmu saƙo ne da ake kai wa malami ya fassara, littattafan fassararsa da ake jingina wa Ibn Sirin kuwa suna nan a shimfiɗe gaban masu sayar da littattafai a bakin masallatai. Buñuel ya cire duka biyun. Abu yana faruwa ba mai aikatawa, hoto yana zuwa ba fassara. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane fim nasa ita ce: bayan an gama bayani iyakar iyawa, me ya rage wanda bayanin bai taɓa ba, kuma shin abin da ya ragen yana kama da rayuwar da muka sani ko kuwa wasan ban tsoro ne kawai?

Da wannan tambaya nake sallamar Un chien andalou, duk da cewa shi ne aka fi nuna wa ɗalibai. Kowa ya san fitowarsa ta farko, inda gajimare siriri yake ratsa wata, sannan reza ta ratsa idon mace (idon mataccen maraƙi aka yi amfani da shi), da tururuwar da take fitowa daga tafin hannu, da mutumin da yake jan fiyano biyu ɗauke da matattun jakuna. A 1929 wannan ya girgiza mutane, kuma matsayinsa a tarihi ba abin jayayya ba ne. Amma fim ɗin da komai a cikinsa baƙo ne, ba ya barin wani abu na yau da kullum da baƙuntar za ta ci karo da shi, kuma razana ba ta maimaituwa: wanda ya kawar da kai a kallon farko, a kallo na uku yana lissafin yadda aka haɗa hoton ne. L'Âge d'or na 1930 ya fi shi nauyi, har 'yan ra'ayin riƙau suka afka wa gidan sinimar da ake nuna shi suka watsa wa allon tawada, 'yan sandan Paris kuma suka haramta shi, ya yi shekaru kusan 50 ba a nuna shi a fili ba. Sai dai fushin saurayi ne a kan coci da manyan gari, wanda yake faɗin abin da yake nufi da ƙarfi fiye da kima.

Akwai masu zaɓe da lambar yabo, kuma suna da abin riƙewa. Viridiana ya samu babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a 1961, jaridar fadar Paparoma ta yi tir da shi, gwamnatin Janar Franco ta haramta shi a Sifaniya har zuwa 1977. Belle de jour ya ci ta Venice a 1967. Game da waɗannan biyun dole a faɗi gaskiya ga mai karatu a garinmu: ba fina-finan da za a kunna a tsakar gida ba ne, ɗaya yana ba'a da alamomin addinin Kirista ta hanyar da ko Musulmi ba zai ji daɗinta ba, ɗayan kuwa a gidan karuwai yake gudana. Rigimar Buñuel da cocin da ya rene shi rigimar cikin gida ce, wanda bai taso a cikinta ba rabin zafinta kawai yake ji, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi aron fushin wani ba.

Le Charme discret de la bourgeoisie, wanda ya fito a 1972 ya kuma ci Oscar na fim ɗin harshen waje, shi ne ya fi daɗin kallo, kuma ba na ganin laifin wanda ya tsaya a kansa. Masu hali su shida suna ta ƙoƙarin zama su ci abinci tare, abin yana gagara. Sun je gidan abinci, sai suka tarar da gawar mai gidan a shimfiɗe a ɗakin da ke kusa. Matan sun shiga gidan shayi, aka ce musu babu shayi, babu kofi. Wata rana sojoji masu atisaye suka shigo musu, wata rana kuma suna zaune a teburi sai labule ya ɗaga, suka ga ashe a kan dandamali suke, jama'a na kallonsu, su kuwa ba su san abin da za su faɗa ba. A cikinsu har da jakadan wata ƙasar da babu ita, mai safarar hodar iblis a jakar diflomasiyya. Abin da ya rage masa daraja a idona guda ne: duk lokacin da al'amari ya kai maƙura, sai wani ya farka a kan gado, a gane mafarki yake yi, wani lokaci ma mafarkin wani ne a cikin mafarkinsa. Dabara ce mai ban dariya, amma tana bai wa mai kallo mafita. Da zarar an ce mafarki ne, mun koma inda muka saba, sai mu ajiye abin a gefe mu jira fassara.

Abokin takarar gaske shi ne Los olvidados na 1950, kuma a kansa ne na fi daɗewa ina kai-kawo. Buñuel ya koma Meziko a 1946 bayan yaƙin basasar ƙasarsa ya raba shi da gida, ya yi fina-finan kasuwa don cin abinci, sannan ya shiga unguwannin talakawan babban birnin ya fito da labarin yaran titi: Jaibo wanda ya gudo daga gidan horon yara, da Pedro wanda uwarsa ta ƙi shi, da wani makaho mai kiɗa wanda yaran suke zalunta, shi ma kuma azzalumi ne idan ya samu wanda ya fi ƙarfi. Babu wanda talauci ya mayar waliyyi a cikin fim ɗin. Mutanen Meziko sun fusata, aka janye shi daga sinima cikin 'yan kwanaki, sai da ya ci lambar gwarzon darakta a Cannes a 1951 sannan aka dawo da shi da girmamawa, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kundin abubuwan tarihin da ake adanawa don duniya. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila da daddare ya ga yaran da ke kwana a gindin gada ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan fim. A tsakiyarsa akwai mafarkin Pedro, inda uwarsa take tahowa a hankali kamar iska na ɗauke da ita, tana murmushin da ba ta taɓa yi masa a farke ba, ta miƙo masa ɗanyen nama, sai hannun Jaibo ya fito daga ƙarƙashin gado ya fizge. Ban san wani mafarki a fim da ya kai wannan ciwo ba. To amma ciwon nasa daga fahimta yake zuwa: mun san yunwa ce, mun san ƙishin uwa ne. Fim ne na gaskiyar rayuwa wanda mafarki ya leƙo cikinsa na 'yan mintuna. Idan tambayar ita ce wanne ya fi taɓa zuciya, shi ne, ba tantama. Idan kuwa ana neman inda salon Buñuel ya cika ya batse, sai a ƙara gaba.

Ga yadda El ángel exterminador yake. Wani attajiri, Edmundo Nóbile, da matarsa Lucía sun gayyaci abokansu kimanin 20 cin abincin dare bayan an tashi daga kallon opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa. Tun kafin baƙin su iso, ma'aikatan gidan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan uzurinsa mara ƙwari, su kansu ba su san abin da yake korarsu ba, har ya rage saura shugabansu Julio. Aka ci abinci, aka koma falo, wata baƙuwa ta kaɗa fiyano, aka yaba. Dare ya raba, lokacin sallama ya yi. Wani ya ɗauko kwat ɗinsa, sai ya tsaya magana. Wata ta nufi ƙofa, sai ta tuna wani abu. Can sai ga wani ya tuɓe kwat ya miƙe a kan kujera, abin da a tsarinsu babban rashin ɗa'a ne, masu gida kuma don kada su kunyata shi sai suka bi sahu. Gari ya waye suna nan. Julio ya turo musu karin kumallo, aka aike shi ya ɗauko cokula, ya je bakin falon ya tsaya, ya dawo ya zauna.

Babu ƙofar da aka kulle. Hasali ma babu ƙyaure a rufe, faffaɗar mashiga ce, ana hango ɗaya ɗakin sarai. Babu aljani, babu mai bindiga, babu wanda zai farka daga baya. Kwanaki suka shuɗe, ƙishirwa ta sa suka fasa bango suka huda bututun ruwa, suka mayar da manyan tulunan tangaran da ke ɗakin ajiya wurin biyan bukata, wani dattijo ya mutu aka cusa gawarsa a kabad, saurayi da budurwa suka kashe kansu. Tumakin da uwargida ta tanada don wani wasan barkwanci suka shigo falon da ƙafarsu, aka yanka su aka gasa da katakon kayan ɗaki, wata dabbar daji kuma, beyar, tana yawo a sauran gidan. A waje 'yan sanda da sojoji da dangi sun taru a bakin get, su ma sun kasa shiga, ba tare da wani ya hana su ba.

Abin da ya sa na fifita wannan fim shi ne daren farko, kafin yunwa da wari su zo, domin a nan ne mai kallo yake gane kansa. Duk wanda ya taɓa zama a walimar wani babba a cikin Birni ya san wannan yanayi: an ci an sha, an yi addu'a an shafa, hira ta mutu, kowa yana da abin da yake jiransa a gida, amma ba mai son ya zama na farkon tashi alhali wanda ya girme shi yana zaune. Wani ya gyara hula, ya jawo takalmi da ƙafa, ya ce, "To, ranka ya daɗe, bari mu ɗan taɓa," mai gida ya ce, "Haba, tun yanzu?" sai ya saki takalmin, a ƙara rabin awa. Ba wanda ya riƙe shi sai kara. Buñuel bai ƙirƙiro wani sabon abu ba, wannan rabin awar ya ja har ta zama makonni, ya zauna yana kallon abin da zai rage na ladabi idan ladabin ne kansa ya zama kurkuku. Kuma bai yi gaggawar mayar da su dabbobi ba. Suna cikin ƙazanta suna kiran juna da laƙabin girmamawa, mace tana taje rabin gashinta, likitan cikinsu yana ta roƙon a riƙe mutunci, alhali ana shirin kashe mai gida bisa zargin shi ya jawo musu.

Tambayar da kowane sabon mai kallo yake yi ita ce wadda na ji wata ɗaliba ta yi wa malaminta bayan an kunna fitila: "Malam, to wai me ya hana su fita?" Ya ce mata, "Ke me kika gani ya hana su?" Ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce, "To, shi ma abin da ya ɗauka ke nan." Masu sharhi ba su haƙura da haka ba. Wasu sun ce masu mulkin Sifaniya ne a zamanin Franco, waɗanda suka ci nasara suka rasa yadda za su tashi daga teburin. Wasu sun ce ajin masu dukiya ne da ba ya iya komai idan barori suka janye hannu, kuma gaskiya ne cewa talakawan gidan ne kaɗai suka ji ƙanshin masifar suka tsere, wanda ya rage kuwa shi ne baran da ya fi kowa kwaikwayon iyayen gidansa. Kowace fassara tana kama wani gefe, amma babu wadda ta bayyana dalilin da ya sa na waje suka kasa shiga, ko abin da beyar take yi a kan matakala. Wannan ragowar ita nake nema, kuma a nan ta fi yawa, ta kuma fi kusa da abin da na sani.

Hanyar fitarsu ma ba ta warware komai ba. Wata baƙuwa, Leticia, wadda Silvia Pinal ta fito a matsayinta, ta lura cewa bayan duk jujjuyawar da suka yi, kowa ya dawo daidai inda yake zaune a daren farko. Ta sa aka sake kaɗa fiyanon, aka maimaita kalmomin da aka faɗa, aka ce an gaji za a tafi, sai kuwa suka fita. Suka je babban coci yin godiya, aka gama ibada, limaman suka nufi ƙofa, sai suka tsaya suka ce bari jama'a su fara fita, jama'ar ma suka tsaya. A waje ana tarzoma ana harbi, garken tumaki kuma yana shiga cocin. A nan ina da ɗan ƙorafi, domin wannan ƙarshe ya karkata zuwa tsohuwar rigimarsa da coci, ya ɗan nuna da yatsa, abin da sauran fim ɗin ya kauce masa.

Yana da wasu raunin. 'Yan wasan sun yi yawa, har mai kallo yakan kai tsakiya bai rarrabe wasu ba, musamman idan yana bin fassarar da ke ƙasan allo a ƙaramar waya. Shi kansa Buñuel ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa na 1982 cewa ya so a ce a Paris ko Landan ya ɗauke shi, da kayan alatu na gaske, domin kuɗin da aka samu a Meziko bai kai ya nuna irin dukiyar da yake nufi ba. Ni kuwa ina ganin wannan ƙarancin ya taimaka: attajiran nasa suna kama da masu kwaikwayon attajiran wata ƙasa, kwat ɗin bai zauna musu sosai ba, kuma hakan ya ƙara wa abin gishiri. Hoton baƙi da fari na Gabriel Figueroa yana ƙara duhu da cunkoso sannu a hankali, ta yadda falon da ya fara da faɗi yake ƙarewa kamar ana matse shi, ba tare da an motsa bango ko ɗaya ba.

Akwai abu guda da ya kamata mai neman fim ɗin ya kiyaye. A farkonsa baƙin suna shigowa gidan, mai gida ya kira bara ya karɓi riguna, ba kowa, su hau bene, sannan sai a sake nuna shigowar tasu daga fari, kyamara ta ɗan canza wuri. Haka mai gida yake tashi ya yi jawabin girmama wata baƙuwa a tafa masa, jim kaɗan ya sake tashi ya maimaita, wannan karon ba mai sauraronsa. Figueroa da ya ga haɗin farko ya zaci kuskure ne aka yi wurin yanka, ya je ya gaya wa Buñuel, shi kuwa ya ce haka yake so. Maimaicin nan shi ne yake shirya mai kallo ga hanyar da za a fita a ƙarshe, amma an samu kwafe-kwafen da aka cire shigowar ta biyu da sunan gyara. Idan wanda mai turi ya sa maka a waya baƙin sau ɗaya suka shigo, to yankakke ne, sai ka koma a canza maka.